Kuɗin Hidima a Gidajen Abincin Ingila: Wa Ya Ce Dole Ne?

Na gaji da jin wannan magana a bakin 'yan'uwanmu ɗalibai da masu aikin jinya a Ingila: wai duk wanda ya ƙi biyan kuɗin hidima, 'yan sanda za a kira masa. Makon jiya ƙanena ya kai iyalinsa wata mashaya mai sayar da abinci, irin wadda a ƙauyukan ƙasar sau da yawa ita kaɗai ce wurin cin abinci. Sun fi awa guda suna jira. Kifin ya iso a huce, dankalin ya yi lagwaf kamar an jiƙa shi, mai kawowa ta dangwarar da faranti ko kallonsu ba ta yi ba. Lissafi ya zo: fam 60, da ƙarin fam 7.50. Ya biya, har da godiya!

Wannan ƙarin, wanda a wurare da dama kashi 12.5 cikin 100 ne, galibi ganin dama ne, kuma ana rubuta haka a ƙasan takardar da ƙananan haruffa. Ka ce a cire, za a cire. Ko da an sanar tun farko cewa wajibi ne, dokar haƙƙin masu saye ta 2015 ta ɗora wa mai wuri yin hidima cikin kulawa da ƙwarewa. In ya gaza, kana da hurumin neman ragi. Abin da dokar sata ta 1978 ta hukunta shi ne mutum ya ci ya sulale da niyyar ƙin biya. Ina ruwan wannan da wanda ya tsaya ya faɗi kokensa?

Wasu tausayin ma'aikata suke fakewa da shi su biya. Gaskiya ne, tun 1 ga Oktoba 2024 doka ta ce kuɗin nan duk na ma'aikata ne. To ai tukuici ke nan, kuma wanda ya isar da saƙo ake ba tukuici. Wasu kuma kunya ce, an koya mana ba a raina abinci. Wannan a gidan surukai ne, Malam, a nan guminka ka biya. Ƙarancin ma'aikata ma na da hannu a lalacewar hidima, amma matsalar mai wuri ce.

Saboda haka, da ka shiga mashaya mai sayar da abinci ka tambaya ko a kanta ake yin oda, don yawancin irin waɗannan wurare haka suke. In ka zauna jira, sai ka kwana. Duba makin tsabtar wurin, daga 0 zuwa 5, a ƙofa ko a intanet. Tambayi ko da giya aka kwaɓa fulawar kifin, don an saba yin haka. In abinci bai yi ba, yi magana tun loma ta biyu, kada ka sharce faranti sannan ka tada jijiyar wuya. Nemi manaja, ka yi magana a natse, kada ka ci mutuncin yarinyar da aka aiko. Karɓi rasit ka adana.

Ƙanena dai na ce masa ya rubuta wa manajan. Ya ce kunya yake ji.