Gargaɗi ga masu waya: ku duba abin da kuka ba manhajoji izinin ɗauka

Jama'a, wannan kira ne ga duk mai wayar zamani, musamman iyayenmu maza da mata, da masu ƙananan sana'o'i, da duk wanda wani ne yake zuba masa manhajoji a waya. Kafin ku kwanta yau, ku buɗe saitin wayarku ku duba manhajojin da ke da izinin shiga lambobin mutanenku, da saƙonninku, da hotunanku, da wurin da kuke. Da yawanku za ku tarar da manhajar da kun manta ma tana cikin wayar, alhali ita ba ta daina kwasar bayananku ba.

Yadda abin yake farawa kowa ya sani. Mutum ya sayi sabuwar waya a Farm Centre a Kano ko wata kasuwar waya, ya miƙa wa yaron shago ya ce, "Don Allah zuba min abubuwa." Yaron yana hira da maƙwabcinsa, babban yatsansa yana ta aiki: Accept, Allow, Allow, Accept. Wasu manhajojin ma ba daga Play Store suka fito ba, daga wata wayar aka turo su. Cikin minti goma an gama, mai waya ya biya kuɗin aiki ya yi godiya ya tafi. Bai san cewa kowace dannawa a cikin waɗannan sa hannu ce da aka yi da sunansa ba, kuma da ita kamfanin manhajar zai kafa hujja gobe idan magana ta tashi. Ba wanda zai dangwala yatsa a takardar gona ko ta fili bai sa an karanta masa ba, amma ga shi muna yi a waya kullum.

Ba ragwanta ce kaɗai ta hana mu karantawa ba. Yarjejeniyar lasisi da ƙa'idojin sirri lauyoyin kamfani ne suka rubuta su don kare kamfani, da dogon Turanci mai sarƙaƙiya. Tun a 2008 wasu masu bincike biyu a Jami'ar Carnegie Mellon da ke Amurka suka ƙiyasta cewa mutum zai ɓatar da fiye da awa 200 a shekara in har zai karanta ƙa'idojin sirrin shafukan da yake shiga. To idan haka ne ga waɗanda Turanci harshen uwa ne a gare su, ina ga tsohuwar da jikanta ne ya buɗe mata WhatsApp? A cikin waɗannan dogayen shafuka ake cusa layukan da suka fi komai muhimmanci: cewa kamfani zai iya ba "abokan hulɗarsa" bayananka ba tare da ya ambaci sunayensu ba, kuma zai iya sauya sharuɗɗan a duk lokacin da ya ga dama.

Inda wannan ya fi yi mana ɓarna a Nijeriya shi ne manhajojin ba da bashi. Mutum yana cikin matsi, kuɗin asibiti ko na makaranta, sai ya ga tallar bashi cikin minti biyar ba jingina ba mai tsayawa. Ya sauke manhajar, aka ce ya ba da izinin lambobi da saƙonni da hotuna, ya bayar, domin idan bai bayar ba manhajar ba za ta buɗe ba. Jinginar ke nan, bai sani ba. A daidai lokacin ne ake kwafe duk sunayen da ke wayarsa zuwa kwamfutocin kamfanin. Ranar biya ta zo ta wuce da kwana ɗaya ko biyu, sai saƙonni su fara sauka a wayoyin mutanensa: surukinsa, limamin unguwa, shugabansa a wurin aiki, iyayen ɗaliban da yake koyarwa. Saƙon yana cewa wane ɗan damfara ne, ya gudu da kuɗin kamfani, wani lokaci har da hotonsa. A kan 'yan dubban naira a zubar wa magidanci mutuncin da ya yi shekara ashirin yana ginawa. Idan mace ce abin ya fi muni, domin saƙo ɗaya irin wannan ya isa ya girgiza aure.

Hukumomi sun san da wannan. A watan Agustan 2021 hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta ƙasa, NITDA, ta ci tarar kamfanin Soko Lending naira miliyan 10 saboda keta sirrin masu karɓar bashi, ciki har da tura saƙonni ga mutanen da ke wayarsu. A watan Maris na 2022 hukumar kare haƙƙin masu sayayya, FCCPC, ta kai samame ofisoshin wasu kamfanonin irin wannan a Legas. Daga ƙarshen Mayun 2023 Google ya haramta wa manhajojin bashi da ke Play Store shiga lambobi da hotunan mutane. Duk wannan ya rage ɓarnar, bai kawar da ita ba. Waɗanda aka kora sukan dawo da sabon suna, ko su riƙa tura mahaɗin saukewa ta WhatsApp da saƙon tes, inda dokar Google ba ta kai ba.

Abin da ya fi damuna a nan, kuma shi nake so kowa ya tsaya ya auna, shi ne mutanen da ke cikin wayarka ba su danna komai ba. Yayarka da ta ba ka lambarta, malaminka, matar abokinka da ka ajiye lambarta saboda wata larura, duk amana suka ba ka. Ranar da ka ba wata manhaja izinin lambobi, sirrin mutum ɗari biyu ko ɗari biyar ka miƙa tare da naka, ba ka tambayi ko ɗaya daga cikinsu ba. Haka aka yi a badaƙalar Cambridge Analytica da ta fashe a 2018: mutum kusan 270,000 ne suka yi amfani da wata manhajar tambayoyi a Facebook, amma ta hanyar abokansu aka kai ga bayanan mutum har miliyan 87.

Kada kuma wani ya ce shi ba ya cin bashi a waya, don haka ya tsira. A watan Nuwamban 2020 jaridar Motherboard ta fallasa cewa bayanan wuraren da masu amfani da Muslim Pro suke, manhajar lokutan salla da alƙibla da aka sauke fiye da sau miliyan 90, suna zuwa ga wani dillalin bayanai mai suna X-Mode, wanda cikin masu saye a wurinsa akwai 'yan kwangilar rundunar sojin Amurka. Masu manhajar sun musanta cewa sun sayar wa soja bayanai, kuma sun yanke hulɗa da dillalin. A Janairun 2024 hukumar kasuwanci ta Amurka, FTC, ta haramta wa X-Mode sayar da bayanan wuraren da suka shafi sirrin mutum, irin su wuraren ibada da asibitoci. A 2022 ma Google ya cire manhajoji da dama daga Play Store, ciki har da wasu na kiran salla da alƙibla, bayan masu bincike sun gano an dasa musu wani ɓoyayyen tsari na kamfanin Measurement Systems mai kwasar bayanai. Yawanci haka cinikin yake: dillali ya biya mai manhaja kuɗi ya saka masa ɗan tsarinsa a ciki, kai kuma kana murna ka samu abu kyauta. Wanda ya san inda wayarka take kwana da inda take zuwa kowace Juma'a ya san gidanka da masallacinka. A yankin da ake fama da masu garkuwa da mutane, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Manyan kamfanoni ma ba su fita ba. A watan Yulin 2024 FCCPC ta ci tarar Meta, mai Facebook da WhatsApp, dala miliyan 220 kan yadda yake sarrafa bayanan 'yan Nijeriya, kuma kotun sauraron ƙararrakin hukumar ta tabbatar da hukuncin a Afrilun 2025.

Don haka ku shiga saitin waya, ku nemi sashen sirri inda aka jera izini. Ku fara da lambobi da saƙonni. Tocila, ko wasan yara, ko manhajar gyara hoto, ba ta da wata hulɗa da lambobin mutanenku, ku janye izinin, in ma ba ku amfani da ita ku goge ta baki ɗaya. Izinin karanta saƙon tes ku yi tsananin rowarsa, domin ta nan banki yake turo lambar tabbatarwa. Manhajar salla ba ta bukatar bin sawunku dare da rana. A yawancinsu kuna iya rubuta sunan garinku da hannu, ko ku zaɓi ta ga wurinku lokacin da kuka buɗe ta kaɗai. Ku rabu da jabun WhatsApp irin su GB WhatsApp da matasa suke so saboda kwalliya da ɓoye karanta saƙo. Kamfanin WhatsApp da kansa ya ce ba zai iya lamunce tsaronsu ba, kuma yana rufe layukan masu amfani da su. Idan za ku ba wani waya ya zuba muku manhaja, ku tsaya a kansa, ku ce ya faɗa muku abin da kowane izini yake nema kafin ya danna. 'Ya'ya masu ilimin boko, wannan aiki ne a wuyanku: ku karɓi wayar Baba da ta Inna a daren nan ku duba musu.

Janye izini yana tsayar da kwasar gaba ne kawai, abin da aka riga aka kwafe yana can. A nan doka take shigowa. Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya, wadda aka sa wa hannu a watan Yunin 2023, ta ba kowane mutum damar tambayar kamfani abin da yake riƙe da shi a kansa, da janye amincewarsa, da neman a goge bayanansa, da kai ƙara hukumar kare bayanai ta ƙasa, NDPC, idan an ƙi. Wanda dole ta sa zai ci bashi ta waya, ya fara duba jerin kamfanonin da FCCPC ta amince da su a shafinta na intanet, kuma kada ya ba kowa lambar sirrin katinsa ko lambar tabbatarwar banki, komai daɗin bakin mai kira.

Wanda kuma aka riga aka fara yi wa barazana, kada kunya ta sa ya yi shiru, kada kuma ya ci wani bashin a wata manhajar don ya toshe wannan. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma wajibi ne a biya; amma bashi bai ba kowa lasisin tozarta mutum a gaban danginsa ba. Ya ɗauki hoton kowane saƙo tare da lambar da ta turo shi da ranar da aka turo, ya roƙi waɗanda aka tura wa su ma su ajiye nasu, ya riga kamfanin sanar da iyalinsa da bakinsa, sannan ya kai ƙorafi FCCPC da NDPC da waɗannan hujjoji. Ku kuma da irin wannan saƙo ya faɗo wayarku a kan ɗan'uwanku, kada ku tura shi gaba, ku kira shi ku ji halin da yake ciki.