Ko Kun Sani? Nauyin da Tsirkiyar Jita Ke Ɗauka

Tsirkiyoyi 6 na ƙarfe da ke kan jitar katako, waɗanda makaɗi ke taɓawa da ɗan yatsa ba tare da wata wahala ba, idan aka ɗaure su daidai da sautin da aka ƙayyade musu, jan da suke yi wa wuyan jitar gaba ɗaya yakan kai kimanin kilo 70, wato ya zarce nauyin buhun siminti. Mafi siririya daga cikinsu kaurinta bai wuce kashi ɗaya cikin uku na milimita ba, alhali ita kaɗai tana riƙe da abin da ya kai kilo 10, shi ya sa galibi ita ce ke fara tsinkewa. Sabuwar tsirkiya kuwa, in ta tsinke tun ba a more ta ba, akasari aibin yana wurin da ta lanƙwasa, ko dai a kan jakin da ta hau, ko a bakin ƙusar da ake murɗawa, domin kaifi ƙanƙani a nan ya isa ya ci ƙarfen da ke cikin irin wannan matsi. A Abuja akwai ƙarin sababi, domin laimar damina, daga Afrilu zuwa Oktoba, idan ta haɗu da gishirin gumin hannu, tsatsa takan kama tsirkiya cikin gaggawa, har ma wadda ke ajiye a ledar da aka riga aka buɗe.