Saƙon da Ke Bin Ɗan Lakwal Zuwa Gida

A shekarar 2024 makarantun Nijar ba su buɗe ranar 2 ga Oktoba ba kamar yadda aka tsara. Gwamnati ta ɗage komawa zuwa 28 ga watan, domin ambaliyar daminar ta rushe gidaje da azuzuwa, makarantu da dama kuma sun zama masaukin waɗanda ruwa ya raba da muhallinsu. Maraɗi na cikin wuraren da abin ya fi muni, musamman bayan ruwan ƙarshen Agusta. Labarin ɗagewar bai kwana ba. Rediyo ta faɗa, waya ta ɗauka, kafin magariba mai suyar ƙosai a Tibiri da mai ban ruwan zogale a Jiratawa duk sun ji. Akwai kuwa wani labarin da ya kamata ya biyo baya da irin wannan sauri: ajin da iyalai suka yi makonni suna kwana a ciki, da masan da jama'a suka yi ta amfani da shi, me za a yi musu kafin yara su dawo, wane ruwa kuma yaran za su sha? Irin wannan labari shi ne mai nauyin ƙafa, shi ne kuma ya fi shafar rai.

Babu wata ma'aikata a ƙasar nan da ke shiga gidaje kowace rana kamar makaranta. Likita sai an je mata, ma'aikatar magajin gari sai da dalili, amma lakwal kullum da rana tana sallamo ɗaruruwan ƴan saƙo zuwa kowane lungu. Shi ya sa duk wanda ke da sanarwa, ta rigakafi ce ko ta rabon gidan sauro, makaranta yake fara tunawa. Takarda takan taso daga Yamai zuwa ofishin ilimi na jiha, ta gangara wurin sufeto, ta iso hannun darakta, darakta ya gaya wa malamai. Duk wannan tafiya da Faransanci ake yinta. Mataki na ƙarshe kuwa, wanda komai ya rataya a kansa, yaro ne ɗan shekara bakwai da yunwa ta fara ci, hankalinsa na kan ƙofa. Ya isa gida, ya jefar da jaka, ya ce, "Inna, mushe ya ce gobe za a ba mu magani." Maganin me? Wa ya kawo? A ci abinci ko kada a ci? Duk sun zube a hanya.

Wannan tambaya ta abinci ba ƙarama ba ce. Tun 2004 Nijar ke raba maganin tsargiya ga yara masu shekarun makaranta, kuma ta hannun malamai ake yin mafi yawan rabon. Akan jingina wata sanda mai zane-zane a bangon aji, yaro ya tsaya, tsawonsa ya nuna ƙwaya nawa zai haɗiya. Ƙwayar, wadda likitoci ke kira firazikwantel, babba ce, ga ɗaci, kuma in ta tarar da ciki wayam takan kawo jiri, tashin zuciya da murɗar ciki na ɗan lokaci. Yaron da ya sha koko ko ya ci ɗumame kafin ya fito da wuya ya ji wani abin a zo a gani. Wanda ya fito da ruwa kawai a cikinsa shi ne za a gani ya dafe bango yana kelaya amai. To, a ce yara biyar sun yi haka a aji guda. Kafin la'asar wata murya ta shiga WhatsApp tana cewa an ba yara abin da ba a sani ba, wani ya ƙara gishiri, washegari benci ya zama fili. Jimla ɗaya ce ta ɓace, wato "a ciyar da yaro kafin ya zo", amma ɓacewarta na iya lalata aikin shekara. Cutar kuma tana nan a ruwa kwance da yara ke wanka, daga kududdufan Gulbin Maraɗi zuwa tafkin Madarumfa, kuma har yanzu akwai gidajen da ke ɗaukar fitsarin jini a matsayin alamar yaro ya fara zama namiji, alhali tsutsa ce ke cin mafitsararsa.

Masu ofis kan yi saurin kiran ɗari-ɗarin iyaye jahilci. Ni ban yarda ba. Mutanen wannan yanki suna da tuni. A 1996, lokacin annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara, shari'ar da ta biyo baya ta ɗauki shekaru. A 2003 jihar Kano ta dakatar da rigakafin shan inna, jita-jitar da ta haddasa haka kuma ba ta tsaya a bakin iyaka ba, haka ita ma cutar. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi kan jabun allurar sanƙarau da aka gano a Nijar. Uban da ya tambayi wa ya kawo maganin kuma daga ina, tambayar mai hankali ya yi. Laifin na wanda bai tanadi amsa ba ne, ko ya tanade ta a harshen da uban ba ya ji.

Akwai kuma wani giɓi da ba a cika magana a kai ba. Tun 2006 doka ta ce a duba yaran da ba su kai shekara biyar ba kyauta a likitocin gwamnati. Maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro da ake bi gida-gida ana rabawa kowane wata, daga Yuli zuwa Oktoba, shi ma na ƴan wata uku ne zuwa ƙasa da shekara biyar. Ke nan ranar da yaro ya isa shiga aji, ya riga ya fita daga inuwar tsare-tsaren biyu. Ga shi ana komawa makaranta a Oktoba, daidai lokacin da masassara ke ganiyarta kuma aljihun uba ya gama zubewa a littattafai da tufafi. Sai a koma wurin mai tallar magani a kan tire, a sayi ƙwaya biyu ta dala ashirin, zazzaɓi ya lafa kwana ɗaya ya dawo. Abin da makaranta za ta iya gaya wa iyaye a nan bai wuce kaɗan ba, amma mai amfani ne: zazzaɓin da ya kwana a kai yaro likitar unguwa, wato CSI, a yi masa gwajin ɗigon jini a yatsa, ga sunan likitar da ta fi kusa, ga abin da ake biya. Faɗin kuɗin na da muhimmanci. Da yawa tsoron abin da za a caje su ne ke hana su zuwa, ba rashin sanin hanya ba.

Da hunturu ya shigo, damuwa takan koma kan wuta. Babu ɗan Maraɗi da ke bukatar a tuna masa ranar Litinin 8 ga Nuwamba 2021, ranar da gobara ta tashi a azuzuwan kara na wata makarantar gari ta ci rayukan yara 26, mafi yawansu ƴan shekara biyar zuwa shida. Watanni bakwai kafin nan yara 20 sun rasu a irin wannan gobara a Yamai. Gwamnati ta hana sa ƴan rainon yara a rumfunan kara, amma rumfunan ba su ƙare ba, domin haihuwa ta fi ginin siminti sauri. Muddin akwai su, to nisan murhun mai sayar da abinci daga zana, da buɗe wa kowace rumfa mafita biyu, da sanya manyan yara a rumfa a bar wa ƙanana ɗakin gini, duk sun shiga cikin gargaɗin lafiya, ko da ba ma'aikatar lafiya ce ta rubuto ba.

Sanƙarau kuwa yana zuwa da ƙura da zafi, daga tsakiyar rani har saukar ruwan farko. Allurar MenAfriVac da aka fara yi a ƙasar nan a 2010 ta karya lagon nau'in A, wanda shi ne ke yin ɓarna a da. Sai nau'in C ya tsaya a gurbinsa: a 2015 sanƙarau ya kama mutum fiye da 8,000, ya kashe fiye da 500, har aka rufe makarantun Yamai na wasu kwanaki a watan Afrilu. A 2024 Nijar ta bi sahun Najeriya wajen amfani da sabuwar allurar da ke kariya daga nau'i biyar. Wannan cuta ba ta ba da lokaci. Yaron da ya yi ƙorafin ciwon kai da safe, jikinsa ya yi zafi, wuyansa ya sage, yana kauda ido daga haske, awoyi ake ƙirga masa, ba kwanaki ba. Malamin da ke gaban yara saba'in a aji mai taga biyu shi ne zai fara gani, in an taɓa nuna masa abin da zai duba. Sau da yawa abin da yake yi shi ne ya ce wa yaron ya je gida ya kwanta, kuma ba don mugunta ba.

Hanyar da labari ke bi ba ɗaya ba ce a wuraren nan uku, Maraɗi, Tibiri da Jiratawa, ko da yake tazarar da ke tsakaninsu tafiyar kabu-kabu ce. A cikin Maraɗi labari yawa yake yi. Ga rediyon Anfani, ga na Saraounia, ga tashar gwamnati, ga rediyoyin Katsina da ake kamawa, ga ƙungiyoyin WhatsApp na unguwa da na masallaci. Abin da uba ke nema a birni shi ne murya ɗaya da ya sani, wadda in ta faɗa zai daina tambaya. A Tibiri wannan murya tana nan tun tale-tale. Magana in ta fito daga fadar Sarkin Gobir, ta bi ta masu unguwa, sanƙira ya zaga da ita, ta samu nauyin da takarda mai hatimi ba ta da shi, ba banza ba kuma hukumomi irin su UNICEF ke neman ƙungiyar sarakunan gargajiya duk lokacin rigakafi. Gobir na da sarautar Inna, Katsinar Maraɗi na da Iya, wato tun kafin boko an san cewa maganar da ake so ta shiga cikin gida ta bakin mace take shiga. A Jiratawa kuwa uba na fadama tun hantsi, yaro ma in ya taso can zai nufa, don haka wanda ke son a ji shi sai ya nemi taron ƙungiyar masu noman rani ko ranar kasuwa. Ga kuma hanyar Ɗan Isa zuwa Jibiya, wadda ba labari kaɗai ke binta ba, har da cuta. Kwalarar 2018, wadda ta kama mutum fiye da 3,000, a gundumar Madarumfa aka fara ganinta cikin watan Yuli, ta kuma dawo a 2021. Lokacin makarantu na hutu, ba allo, ba mushe. Gargaɗin amai da gudawa in ba a yi shi a watan Yuni kafin a watse ba, an makara.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne kayan aikin gyara wannan duk suna ƙasa. Kowace makarantar gwamnati na da kwamitin kula da ita, wanda aka fi sani da COGES, yanzu CGDES. An fara ƙarfafa tsarin a jihar Tawa a 2004 da taimakon Japan, sannan ya game ƙasa: iyaye ke zaɓen shugabanni, a yi babban taro, a tsara aikin shekara. Akwai ƙungiyar iyaye, akwai ta uwaye mata. Sai dai wanda ya saba halartar irin wannan taro ya san inda yake ƙarewa, a kan karo-karon kuɗin zana da gyaran benci. Me zai hana a taron farko na Oktoba a ba manjo, wato shugaban likitar unguwa, kujera kusa da darakta, a ɗora kalandar makaranta a kan kalandar cututtuka, a faɗi a bainar jama'a watan da za a zo da wane magani? Uwar da ta ji tun Oktoba, daga bakin wanda ta sani, cewa za a yi rabon maganin tsargiya kuma sai yaro ya ci abinci, babu muryar WhatsApp da za ta firgita ta. Tun Maris 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa harshen ƙasa. Ba sai an jira ɗab'i ba: darakta da manjo su ɗauki saƙon murya na minti ɗaya da Hausa, kowa ya faɗi sunansa da na makarantarsa, a tura wa uwaye.

Gargaɗi dai ba ya tsayawa shi kaɗai. An rufe makarantu ranar 20 ga Maris 2020 saboda korona, aka buɗe 1 ga Yuni da bokitai masu famfo a ƙofar aji, yara suka koyi wanke hannu har da waƙa. Inda babu famfo ko rijiya a harabar makaranta, bokitin ya bushe, darasin ya bi shi. Haka yarinyar da ta fara al'ada: komai daɗin nasihar tsabta, in masan makaranta ba shi da ƙyaure gida za ta zauna kwanakin nan duk wata.

Saura almajirai. Takardar Yamai ba ta biyo ta tsangaya, alhali su ne ke kwana a cunkushe cikin zaure a watannin sanƙarau, su ne ke wanka a gulbi, kuma da yamma gefensu ɗan lakwal ke zama da nasa allon. Kwamitin da ya gayyaci manjo ya bar malamin tsangayar da ke bayan katangar makaranta ya yi rabin aiki. In kuma za a kai musu allura ko ƙwaya, kada a zo Alhamis ko Juma'a da suke hutu, kada kuma a zo da hantsi sun watsu neman abinci. A shirya da malam tun jajibere a tanadi koko, a zo bayan karatun asuba.