Injin Niƙa da Manhajar Waya: Jan Kunne ga Matasan Zango

Duk wanda ya taɓa kai gero injin niƙa bayan an markaɗa barkono a ciki ya san abin da zai biyo baya. Geronka ne, kai ka surfa shi ka wanke, amma kunun da yaji zai fito. Wannan misalin nake so matasanmu na Zangon Kwatano su riƙe, musamman masu koyon rubuta manhaja, wasu a makarantu irin su Epitech, wasu a ɗaki da kwamfutar hannu da bidiyon YouTube. Haka ma alhazan Dantokpa da ke ba su kwangilar manhajar lissafin kaya ko ta karɓar kuɗi ta MoMo.

Abin da mai manhaja ke rubutawa ba shi ne ke shiga wayarka kai tsaye ba. Sai an zuba rubutun cikin injin harhaɗawa, shi zai tattara kayan haɗi daga intanet, ya dunƙule komai ya fitar da fayil guda da waya ke iya buɗewa. Masu yi wa Android aiki Gradle suke amfani da shi, masu Java kuma akwai Maven da Ant. Injin nan ɗan aike ne mai biyayya. In takardar umarninsa ta ce ya kunna wata ƙunsassar manhaja a tsakiyar aiki, zai kunna ta ba tare da ya tambayi daga ina ta fito ba, kuma duk abin da kake da ikon taɓawa a kwamfutarka ita ma tana da shi: kalmomin sirri, hotuna, da makullin da kake sa wa manhajarka hannu da shi.

Akwai wani ɗan fayil mai suna gradle-wrapper.jar da ke cikin kusan kowane aikin Android da za ka sauke. Bai kai hoto ɗaya nauyi ba, ba a karanta shi da ido kamar sauran rubutu, kuma yana cikin abin da ake fara kunnawa idan za a harhaɗa aikin. A Janairun 2023 kamfanin Gradle ya sanar cewa an gano gurɓatattun irin wannan fayil a cikin ayyukan wata ƙungiyar masu wasan Minecraft, an shirya su don satar bayanan shiga Discord. Shekaru biyu kafin nan, masu bincike na Google sun fallasa 'yan kutsen Koriya ta Arewa da ke ƙulla abota da ƙwararrun tsaro, su tura musu aikin Visual Studio wai a yi bincike tare. Ana danna harhaɗawa, ɓoyayyar manhaja ta tashi. To, ƙwararru ke nan, balle ɗan koyo.

Amma labarin da ya fi kama da halinmu a Sin ya faru, a 2015. Xcode, wato kayan aikin Apple na yin manhajar iPhone, yana da nauyi, saukar da shi daga shafin kamfanin kuma yana cin lokaci a can. Sai masu manhaja suka koma ɗauko shi daga shafukan gida masu sauri, ba su san an yi masa cushe ba. Rubutunsu lafiya lau, amma duk abin da ya fito daga injin da cuta yake fitowa, har da WeChat. Takardun da aka bayyana a kotun Amurka a 2021 sun nuna manhajoji sama da 2,500 ne suka kamu, mutane miliyan 128 kuma suka sauke su. Wa zai ga laifin yaron Zango da ya ce wa abokinsa, "Don Allah zuba mini Android Studio a filas, datata ta ƙare"? Ni ban ga laifinsa ba, tsadar data kowa ya san ta. Sai dai ta wannan ƙofar ɓarawon Sin ya shiga.

Manya ma ba su tsira ba. A 2020 aka gano an kutsa injin harhaɗawa na kamfanin SolarWinds, abokan cinikinsa kusan 18,000 suka karɓi gurɓataccen sabuntawa, ciki har da ma'aikatun gwamnatin Amurka.

Saboda haka, ɗan'uwa mai koyo, ka ɗauko kayan aikinka daga shafin masu shi, ko da za ka jira dare data ta yi araha. In dole sai ta filas, ka gwada lambar tantancewar fayil ɗin da wadda kamfanin ya wallafa. Gradle ma yana da jerin lambobin wancan ɗan fayil na gradle-wrapper.jar a shafinsa. Idan Android Studio ta tambaye ka ko ka amince da aikin da za ka buɗe, ba gaisuwa take yi ba, kada ka danna "na amince" kafin ka karanta takardar umarnin ka ga me za ta kunna. In wanda ba ka sani ba ya turo maka aiki ta WhatsApp da sunan gwajin ɗaukar ma'aikata, buɗe shi a kwamfutar da babu komai naka a ciki.

Kai kuma Alhaji, ba sai ka san Gradle ba. Ka tambayi yaron da ka ba aiki inda ya samo kayan aikinsa, ka kuma ƙara masa kuɗin data a cikin jinga, don sefa dubu biyar ba ta kai asarar asusun MoMo na shago ba. In har an ga alamar kutse, a cire kwamfutar daga intanet, a canza kalmomin sirri daga wata na'urar daban, a sanar da bjCSIRT, cibiyar gwamnatin Benin da ke karɓar irin wannan rahoto.