Wace filasha ta dace da sabon mai ɗaukar hoto?

Filashar da ke manne a kan kyamara tana dukan fuska kai-tsaye, sai goshi ya yi ƙyalli, inuwa ta kwanta a bango. Shi ya sa ake kafa filashar a gefe.

Ga mai koyo, ƙarama irin Godox TT600 ta wadatar. Batir AA 4 take ci, kuma da hannu ake saita ƙarfinta, wanda hakan ke koya wa ido auna haske. Sai na'urar da ke kunna ta daga nesa. A nan ake yawan asarar kuɗi, domin ta kyamarar Canon daban, ta Nikon daban. A haɗa da sandar ɗora filashar da farar laima mai tausasa haske, a danne ƙafar sandar da jakar yashi saboda iska.