Me ya sa manhajar filin wasa ke daskarewa, kuma me ya sa sake rubuta ta ke da haɗari?

A manyan filayen wasa na Amurka, ɗan kallo yana zaune a kujerarsa zai sake kallon ƙwallon da aka ci, ko ya sayi abinci ta waya ko ta ɗan allon da ke gabansa. Abin gwanin ban sha'awa, sai dai fa manhajar irin wannan tana da saurin daskarewa.

Dalilin farko cunkoso ne. Filin Levi's da ke Santa Clara, wanda aka buɗe a 2014, yana ɗaukar mutum 68,500. An sa na'urorin Wi-Fi kusan 1,200, da yawa a ƙarƙashin kujeru, don jikin ɗan Adam yana tare sigina. A wasan Super Bowl na Fabrairun 2016, 'yan kallo sun ci sama da terabait 10 na data. Kuma ba a hankali suke ci ba. Da an ci ƙwallo ko an tafi hutun rabin lokaci, kowa sai ya danna a tare. Ka san yadda layin waya ke cushewa ranar Sallah? To, haka abin yake.

Na biyu, tsohuwar manhaja faci ce kan faci. Wata tana riƙe ma'ajiyar na'ura ba ta saki, bayan awa biyu sai allo ya tsaya cak.

To me zai hana a watsar a rubuta sabuwa? Nan ne gizo ke saƙar. A 1998 kamfanin Netscape ya zaɓi sake rubuta manhajarsa ta shiga intanet daga tushe. Sabuwar ba ta fito ba sai Nuwamban 2000, lokacin Internet Explorer ya riga ya kwashe kasuwa. Ai kowane faci da ke cikin tsohuwar manhaja wata matsala ce aka taɓa magancewa. In ka zubar, sai ka sake cin karo da su ɗaya bayan ɗaya.

Shi filin wasa ma ya fi tsanani, don ba a ɗage wasa saboda manhaja ba ta shirya ba. Shi ya sa ƙwararru ke canza ɓangare-ɓangare: a gyara na bidiyo, a gwada shi da dubban masu dannawa na bogi, a ajiye tsohon a gefe ko da sabon zai ba da kunya, sannan a taɓa na sayen abinci. Sannu ba ta hana zuwa.