Buhu Mai Hawa Uku: Da Jami'a Ta Sauko Ƙauye

Duk wanda ya taɓa ajiye wake ya san baƙin cikin kwance buhu a tarar ƙwari sun mai da shi gari. Tsoron wannan asara ne ke sa da yawa daga cikinmu sayar da wake tun da kaka, lokacin da ba shi da daraja. Wasu kuma su barbaɗa masa maganin ƙwari, wanda kan bi wake har cikin tukunya.

Tun ƙarshen shekarun 1980, masana daga Jami'ar Purdue ta Amurka, ƙarƙashin Farfesa Larry Murdock, tare da takwarorinsu na Marwa a arewacin Kamaru, suka gano wata dabara. A zuba busasshen wake cikin leda mai kauri, a sa ta cikin leda ta biyu, a sa su cikin buhu, a ɗaure bakin kowanne dabam. Ƙwarin sai su shanye 'yar iskar da ta rage, su daina ci da haihuwa, su mutu. Ba a sa magani ko kaɗan.

To, amma dabarar ba ta yaɗu sosai ba sai daga 2007, lokacin da masanan suka haɗa kai da malaman gona, ƙungiyoyin manoma da na mata a ƙasashe 10, har da Nijeriya da Nijar. A gaban jama'a ake cika buhunan a ɗaure. Bayan 'yan watanni sai a sake taruwa a kwance, kowa ya sa hannu ya ɗebi wake ya duba. Gani ya kori ji.

Su ma masanan sun ƙaru. Cikin ƙauyuka suka fahimci cewa koyarwa ba ta da amfani idan babu buhun a kasuwa ta kusa, sai suka jawo masana'antu da 'yan kasuwa cikin aikin.

Mu ma muna da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya, da jami'o'i kusa da mu. Kada ƙungiyoyinmu su zauna jiran a zo. Mu rubuta matsalolinmu, mu aika wakilai, mu ba da gona da lokaci don gwaji. Masana kuma su riƙa komowa su faɗa mana abin da suka gano, cikin harshen da muke ji.